Ashanar Baba

Ranar da Baba ya tsinci littafina a ƙarƙashin keken ɗinkinsa, bai dake ni ba. Shi ajami ya iya, bai yarda da boko ba. Ya ja hannuna tun daga Fagge har Sabon Gari, wurin wani Bayarabe mai rubuta wa mutane wasiƙa.

"Akawu, karanta min. In shashanci ne, a nan zan ƙona shi, makarantar ma ya gama."

Ya fito da kwalin ashana ya riƙe.

Wata uku na yi ina rubuta labarin a ɓoye, a kan wani tela mai satar yadin mutane. Na ba telan gemu irin na Baba, har da tarinsa. Akawu yana karatu, ni ba na jin komai sai ƙarar ashanar da Baba ke kaɗawa. Da aka zo inda telan ya yanke kamu ɗaya a gaban mai shadda, ƙarar ta tsaya. Baba ya juyo ya dube ni.

"Kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To, telanka wawa ne. Wa yake yanka mai kaya na tsaye? Ai sai ya tafi salla. Je ka gyara."

Ya mayar da ashanar aljihu.

Ban zama marubuci ba, atamfa ce ta riƙe ni. Amma har yau babu cinikin da ya faranta min rai kamar wannan "je ka gyara".