Dutsen Bayan Taya

Maiwada bakanike ya gama gyaran birkin bayan Fijo a kan wani gangare a Dutsen Kura. Mai motar, wani baƙo mai suna Jiya, sababbin kaya masu ƙarfi ya kawo a sa masa. Amma Maiwada ya faki idonsa, ya cusa su cikin buhu, ya goge tsofaffin ya mayar. Ba yau ya fara ba.

Ya mayar da taya, ya sake kwanciya ƙarƙashin motar don ya ɗaure wayar birkin hannu. Babu abin da ke riƙe da motar sai dutsen da aka tokare taya da shi.

Yana gama ɗaure wayar, Jiya ya ja birkin hannu, ya zagayo ya tsaya a kan Maiwada.

"Malam Maiwada, zai riƙe?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, ko tirela ce."

"Haka ka ce wa ƙanena Irimiya bara. A Beji muka binne shi."

Sifana ta faɗi daga hannun Maiwada.

Jiya ya ɗora ƙafa a kan dutsen.

"Yi kwanciyarka. Ai sababbi ka sa."