Jaririyar Auduga

Ni'ima ta dawo daga lacca ta tarar an sake ɓamɓare jaririyar daga kan gadon Inna. Wannan karon gam ɗin ya tafi da rabin zanen gadon, ƙafar gadon ɗaya kuma ta karye. Ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallon ɓarnar.

Gidan dai gaba ɗayansa bai wuce saman teburin karatunta ba. Da kwali da yumɓu da tsinken tsire ta gina shi a ɗakinta na haya a Yelwa, bayan Inna ta rasu, dangi suka sayar da gidansu na Ƙofar Wambai, mai saye ya rushe shi ya jera shaguna. Ga zaure, ga rijiya da guganta na murfin kwalba. Ga ɗakin baya na shirgi, da tsohon gadon ƙasa da wata ƙatuwar tukunya da ba ta taɓa ganin an ɗora a wuta ba. Amma ɗakin Inna ne ya sha aiki. Gado mai rumfa da waya ta lanƙwasa shi, jeren kwanuka daga gwangwanin madara ta yanko su, zanen gadon kuwa daga ɗankwalin Inna na ƙarshe da ya rage mata. A tsakiyar gadon ta manna ɗan ƙullin auduga naɗe cikin farin ƙyalle. Ita Ni'ima ce wannan, ranar da ta zo duniya.

Ƙawaye suna mata tsiya, wai gandamemiyar budurwa da wasan 'yar tsana. Su suka jiyo. Wanda bai rasa gidan da ya tashi ba, ba zai gane ba.

Lafiya lau gidan yake zaune har Adda Hamsatu, babbar yayarta, ta zo daga Zungur ganin likitan ƙafa, ta sauka a wurinta.

Dama can babu shiri. Tazarar da ke tsakaninsu mai yawa ce, har 'yan unguwa kan tsokani Inna wai ta yi auta da furfura. Tun da Ni'ima ta yi wayo ba ta taɓa jin sunanta a bakin Adda ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". In Adda ta zo da man shanu da ƙwan zabi, Inna take miƙa wa, ta ɗauke kai. Ranar saukar karatun Ni'ima, a madafa ta yini, ko leƙowa ba ta yi ba. Lokacin da zazzaɓi ya kusa kai Ni'ima lahira, Adda ta zo a gigice ba ko takalmi, amma sai ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi shiga. In Ni'ima ta kai ƙara, Inna dariya kawai take yi ta ce a ƙyale ta.

Karon farko da Ni'ima ta tsinci jaririyar a ɗakin shirgi, ta ɗauka gam ne ya saki. Ta mayar. Da aka sake, ta tambaya, Adda ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsintar wake kamar da bango ake magana. Yau kuma ga ɗankwalin Inna a yage, ga jaririyar can an kwantar da ita a kan gadon ƙasa, kusa da ƙatuwar tukunyar nan.

To, ta gane saƙon. Wato wurinta ke nan, cikin tarkace. Matar da ta ƙi ta tun tana zanen goyo, yanzu ko a gidan kwali ba za ta bar ta ta kwanta kusa da uwarta ba. Wannan wace irin baƙar zuciya ce?

"Adda, me na tsare miki a duniya?" Muryar Ni'ima har tsakar gida, maƙwabta suka fara ɗaga labule. "Na ba ki katifata ina kwana a ƙasa. Ina fashin lacca in kai ki asibiti. Abu ɗaya da ya rage mini na Inna, shi ma sai kin lalata?"

Adda na zaune a gefe, ta ci gaba da tsintar wakenta a faranti. Wannan shi ya ƙarasa tunzura Ni'ima. Ta figo jakar Adda ta cusa zannuwa da magunguna, ta wurga ta waje, ta leƙa titi ta tsayar da mai keke.

"Inna ce ta haɗa mu, Inna kuma ta tafi. Daga yau ba ni ba ke. Ko mutuwa na yi ban yarda ki zo kan gawata ba."

Adda ta ajiye farantin waken. Ta dafa bango ta miƙe, ta ja ƙafar mai ciwo har bakin ƙofa. A nan ta tsaya, ta ba Ni'ima baya, ta yi magana ƙasa-ƙasa tana kallon ƙyaure.

"Gidan ya yi kyau. Komai na inda yake. Abu ɗaya ne ba daidai ba."

"Ke za ki faɗa mini abin da ke daidai a ɗakin uwata?"

Mai keke ya danna oda a waje. Adda Hamsatu ta ja mayafi ta rufe fuskarta, kamar wadda za ta faɗi abin kunya a gaban surukai.

"Ba a gadon Inna aka haife ki ba," ta ce. "A ɗakin baya ne. A nan na durƙusa, a nan aka yanke miki cibiya."