Fitilun Gadar Ƙafa

Shagon Tela yana kallon wata gadar ƙafa da ta haye babban kwalbatin unguwarsu, mai matakala goma sha ɗaya ta kowane ɓangare. Shekara da shekaru, da zarar magariba ta yi, sai dai mutum ya riƙa laluben matakalar da ƙafa yana salati.

Ana nan sai ga wasu ɗalibai daga kwalejin fasaha, riƙe da tef na awo da takardun zane. Shugabarsu wata siririyar yarinya ce mai tabarau, nan da nan 'yan unguwa suka laƙaba mata Injiniya. Wata uku suna zarya. Suka tambayi tsofaffi inda suke tuntuɓe, suka tambayi mata inda suke jin tsoro. Daga nan suka ƙera fitilu takwas masu aiki da hasken rana, suka kafa su ƙasa-ƙasa don hasken ya sauka kan matakala, kada ya kashe wa mutum ido. Murafun ma da tsofaffin gwangwanayen fenti suka yi su, suka huhhuda su da zane.

Ranar da aka kunna, Tela ya bar kekensa na ɗinki ya fito yana tafa hannu. "Kai, yaran nan! Wannan ai surfani ne kuka yi da haske!"

Babu wanda ya kai matarsa murna. Malama ce a makarantar yaƙi da jahilci ta mata a ƙetaren gadar, ba ta tashi sai bayan isha'i. Ga shi tana ɗauke da cikin fari, bayan shekara tara suna jira.

"Maigida," in ji ta tana dariya, "yau har launin takalmina na gani a kan gada."

Ba a yi wata biyu ba, rana tsaka, Tela ya ɗaga kai ya ga maƙwabcinsa mai cajin waya durƙushe a gindin fitila yana kwance batirinta. Suka haɗa ido.

"Tela, ka ga wani abu ne?"

"Ni? Zare nake zura wa allura."

Suka bushe da dariya. Ai kayan makaranta ne, in ji Mai Caji, yara sun samu makinsu, me ya rage? Da aka ga babu wanda ya ce uffan, sai kowa ya miƙo hannu. Mai waldar unguwar ya yanke sandar ƙarfe ɗaya. Wani ya cire farantin hasken rana ya ɗora a rufin gidansa, ko kunyar ɓoyewa bai ji ba. Duk a gaban Tela, shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ƙara taka keke. Mutanen da kullum kuke gaisawa, ina amfanin ɓata zama da su saboda fitila?

Da Injiniya ta dawo dubawa, wayoyi ta tarar suna reto. Ta daɗe a tsaye, sannan ta nufo shagon.

"Baba, ƙofarka ce ke kallon nan. Don Allah, wa ya yi wannan?"

"Wallahi 'yata, ban ga kowa ba."

Ta cire tabarau ta goge idonta. "Wata mai zuwa muke gama makaranta, babu mai sake ba mu kaya. Ba don maki muka yi ba, Baba. Don ku muka yi."

Bayan sati uku aka yi ruwan yamma. Malama ta taso daga makaranta, cikinta wata bakwai, jaka a hannu ɗaya, lema a ɗayan. Gadar ta koma duhu kamar da. A matakala ta shida, wadda bakinta ya daɗe da ɓallewa, ƙafarta ta zame. Sai ihun masu wucewa Tela ya ji.

Da safe likita ya ja shi gefe. Ƙugunta ya karye, jaririn kuma bai zo da rai ba. Namiji ne.

Maƙwabta suka cika barandar asibiti. Mai Caji ya dafa kafaɗarsa. "Sai haƙuri, Tela. Ƙaddara ce."

Tela ya fizge jikinsa. "Ƙaddara ce ta kwance batirin? Ƙaddara ce ta zo da sukundireba?"

Mai Caji ya dube shi, ya rage murya. "Ai kana kallo na kwance."

Tela ya juya ya bar wurin. Ya shiga ɗakin da matarsa take, ya zauna a bakin gado, ya faɗa mata komai: wanda ya ɗauka, da dariyar da suka yi, da rantsuwar ƙaryar da ya yi wa yarinyar. Malama ba ta yi kuka ba. Ta zare hannunta daga nasa, ta juya fuskarta bango.

Jama'a, kayan al'umma namu ne, ba ganima ba ce. Wanda ya ga ana ɓarna ya yi shiru, da shi aka yi ta, kuma bai san a kan wa za ta faɗo ba.