Rediyon Baba Mai Agogo

Tun da mai ɗinki ta hau kekenta da hantsi wani abu yake damunta, ta rasa ko mene ne. Zare ya tsinke, ta zura, ya sake tsinkewa. Hannunta yana kan ɗinki, amma kunnenta yana can tagar da ke kallon shagonta, tagar ɗakin Baba Mai Agogo.

Baba tsoho ne da ya ƙarar da ƙarfinsa a gyaran agogo har idanu suka gaza. Matarsa ta rasu, ɗansa guda kuma yana aiki a wani gari mai nisa. Amma a layin nan ba a barin mutum shi kaɗai. Da ƙafa ta fara yi masa nauyi, maƙwabta suka taru a ƙofar mai aski, kowa ya ɗauki nasa ba tare da an roƙe shi ba. Mai shago zai riƙa kai masa burodi da safe, mai aski ya leƙa shi da rana. Ita kuwa mai ɗinki ta ce maganinsa na hawan jini a wuyanta yake, duk yamma za ta tsaya a kansa sai ya haɗiye.

Da farko abin gwanin sha'awa. A shiga, a zauna bakin gado, a sha hira. Ga Baba da tsokana. Ya ce keken mai ɗinki ya fi injin niƙa surutu. Ya ce mai aski da gangan yake bar masa silin gashi a ƙeya don ya samu dalilin dawowa.

To, kun dai san halinmu. Sannu a hankali zama ya koma tsayuwa, tsayuwa ta koma leƙe, leƙen ma ya koma gaisuwa daga waje. Abin da ya ba kowa hujja kuwa rediyo ne. Baba yana da wani tsohon rediyo mai batir, yana farkawa zai kunna ya ji labarai, haka ma da rana da yamma. Sai ya zamana in mutum ya zo wucewa ya ji muryar rediyon, sai ya ɗaga murya ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" ya yi gaba abinsa. In aka tambaye shi, ya ce ai Baba ƙalau yake, yanzu ya ji rediyonsa.

Jiya ma haka mai ɗinki ta yi. Masu kaya sun cika mata shago, ta ruga bakin taga ta ce kada ya manta da magani, ta ji rediyo yana magana, ta juyo.

Tana cikin zura zaren nan ne ta gane abin da ke damun kunnenta. Kiɗa ne yake tashi daga ɗakin Baba. Baba kuwa bai taɓa barin kiɗa ya yi numfashi biyu a ɗakinsa ba. Ana gama labarai yake murɗe rediyon yana mita, wai hayaniyar banza ce mai cinye batir. Ga shi yau waƙa tana bin waƙa, muryar har shaƙewa take yi kamar rediyon ya kwana yana aiki.

Ta fice, takalmi ɗaya a ƙafa. A ƙusar da ke jikin ƙofar Baba ta ga ledar burodi biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ta ƙwala wa mai shago kira. Ya zo yana goge hannu, ya ce jiya sauri yake yi shi ya sa ya rataye, yau kuma da ya ga na jiyan yana nan sai ya ɗauka ita ce ta dafa wa tsohon wani abu. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, ya ce ta kwantar da hankalinta, shi ma jiya ya gaishe shi.

Ta ce, "Ya amsa maka?"

Mai aski ya ce, "Na dai ji rediyo."

Ƙofar ko sakata babu. Turawa ɗaya ta buɗe.

Baba yana kwance a ƙasa tsakanin gado da teburin aikinsa, baki a karkace, leɓɓa sun bushe. Rediyon yana can kan tebur, inda hannunsa ba zai kai ba. Idanunsa a buɗe suke, suna kallon ƙofa.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, kuma tun safiyar jiya ta kayar da shi. Ya ce da an kawo shi da wuri, da akwai abin yi. Sannan ya tambaya ko tsohon nan ba shi da maƙwabta ne.

Mai ɗinki ta zauna gefen gadon tana jiƙa masa leɓe da ruwa, tana roƙonsa gafara. Bakinsa ya yi ta motsi, ta kai kunne kusa.

"'Yar nan," in ji shi da ƙyar, "duk na ji ku. Na yi ta amsawa. Rediyon ne ya fi ni murya."

Kafin ɗansa ya iso, Allah ya karɓi abinsa.

Ɗan ya bi su gida gida yana godiya. Ya ce duk kiran da ya yi wa mahaifinsa, sai ya yabi maƙwabtansa, ya ce ya samu 'ya'ya. Da zai tafi ya miƙa wa mai ɗinki rediyon don tunawa. Ta karɓa da hannu biyu, ta kasa haɗa ido da shi. Rediyon yana nan a kan kantar shagonta, har yau ba ta kunna shi ba.

'Ya'yana masu karatu, in kun ɗauki alkawarin duba wani, kada ku tsaya a bakin taga, kada kuma ku ce ai wani ya shiga. Ku tura ƙofa, ku gan shi da idonku, ku ji amsa daga bakinsa kafin ku wuce.