Muryar Asama'u a Bayan Labule

Dawowar Malam Aƙilu daga sallar la'asar ke nan, sai ya ji muryar Asama'u daga ɗakinta, tana bitar darasin Gwamnati, tana maimaita kalmomin Turancin da suka yi mata tsauri. Ya nufi ƙofar ɗakin. Asama'u, 'yarsa ta fari, zazzaɓi ya ɗauke ta a tsakiyar dogon hutu, tana shirin shiga ajin ƙarshe na sakandare. Duk unguwar Kusfa an yi masa ta'aziyya.

Ya yaye labule yana salati. Matarsa Ramatu ce zaune a ƙasa, rungume da rediyo mai kaset.

"Malam, ashe ɗaukar muryarta take yi don ta gyara lafazi," in ji ta cikin kuka.

Ya juya zai fita, sai karatun ya tsaya. Aka ji 'yar dariya.

"Baba, kullum ina ganin ƙafafunka ta ƙarƙashin labule. Yau dai ka ajiye kunyar 'yar fari, ka shigo in karanta maka."

Kaset ya yi shiru. Sannan Malam Aƙilu ya ji takun sawunsa a cikin kaset ɗin, yana yin nisa.