Kuben Bayan Ƙugu

"Na hammata ko na gaban ciki?" mai shagon bindigogi a garin Amarillo ya tambayi Wendell, yana ɗaga kuben bindiga guda biyu.

Lurleen, matar Wendell, ta gyara baƙin gilashin da ke ɓoye kumburin idonta. "Maigida, ɗauki na bayan ƙugu mana. Riga za ta rufe shi ruf."

"Wannan fa wuyar zarowa gare shi," in ji mai shago.

Wendell ya ja tsaki. "Wa ya isa ya tare ni? Kawo shi."

Ranar da ya sake dukanta, ya jawo ta ya rungume yana lallashi, kamar kullum. Wannan karon ba ta ture shi ba. Ta zagaya da hannu bayansa, mariƙin bindigar ya cika tafinta.

"Mai shagon nan maƙaryaci ne," ta raɗa masa. "Ba wata wuya."