Takalmin Da Ya Kayar Da Mai Usur

Shekara goma sha ɗaya ke nan Mai Usur yana alƙalancin ƙwallon ƙafa a ƙananan wasanni. Ranar Asabar mai zuwa hukuma za ta aiko mai sa ido ya kalli aikinsa. In ya gamsu, a ɗaga shi zuwa babbar gasa. In bai gamsu ba, shi ke nan, domin shekarunsa sun ja, baɗi ba za a sake duba shi ba.

Ya shirya tsaf. An goge riga, katuna suna aljihu, usur biyu a jaka. Takalmi ne kaɗai bai taɓa kawo wa ransa zai canza ba. Tun yana ɗan wasa yake da shi, baƙi ne mai dogayen kusoshin ƙarfe guda shida, irin wanda ake sawa a fili mai taɓo. Yana ji da takalmin nan kamar ɗan fari, har yakan ce bai taɓa yanke hukuncin da ya yi da-na-sani ba yana sanye da shi.

Ranar Alhamis ya kai shi wurin tsohon da ke gyaran takalma a bakin titinsu, don a ɗinke gefen da ya buɗe. Tsohon ya juya shi, ya shafa kusoshin da babban yatsa.

"A wane fili za ka yi wasan?"

"Sabon nan, Baba, wanda aka shimfiɗa wa ciyawar roba."

"To wannan ba na can ba ne. Taɓo yana sakin ƙusa, roba kuwa riƙe ta take yi. Ku alƙalai da baya kuke gudu, kuna juyi babu shiri. Ka nemi mai gajerun haƙora na roba, mai laushi a dunduniya."

Mai Usur ya yi dariya. "Baba, ɗinki na kawo, ba lacca ba. Ni da ba na taɓa ƙwallo, me takalmi zai yi mini?"

Tsohon ya zare allura ya kama aiki.

A gida ma matarsa ta daɗe da lura. Duk ranar da ya dawo daga busasshen fili, sai ta ga yana hawa matakala yana dafa bango, da safe kuma gwiwarsa ta dama a kumbure.

"Baban yara, gwiwar nan fa magana take yi maka, kai ne ka ƙi ji," in ji ta, tana miƙa masa tsumma da ruwan ɗumi.

"Gajiya ce kawai. Bari Asabar ta wuce, sai ki kai ni kasuwa ki zaɓa mini da kanki."

Ta yi murmushin yaƙe, amma hankalinta bai kwanta ba.

Asabar ta zo da rana mai zafi. A ɗakin canza kaya, mataimakinsa mai riƙe tuta ya ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, ƙwas, ƙwas, ya sunkuya ya duba.

"Yaya, da wannan za ka shiga? Ina da wani a mota, ƙafarmu ɗaya."

"Yau da ake kallona zan sa takalmin aro? Ɗauki tutarka mu tafi."

Kafin a fara, ya jera 'yan wasa ya duba ƙasan takalmin kowa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda doka ta ce. Har ya kori wani mai tsaron baya ya je ya canza nasa, wai kusoshinsa sun yi tsawo, zai ji wa kansa ciwo. Shi kuwa alƙali babu mai duba nasa.

Tun a zagayen farko ya ji abin. Sau biyu ƙafarsa tana maƙalewa a robar kafin ta sake shi. Ya ɗaga kai ya hango mai sa ido zaune a rumfa yana rubutu, sai ya cije ya ci gaba. Da aka tafi hutu, mataimakin ya sake kallon ƙafar, Mai Usur ya kau da kai yana shan ruwa.

Saura minti ashirin a tashi, aka wulla doguwar ƙwallo ta bayansa. Yana gudu da baya, ya dasa ƙafar dama don ya juya da sauri. Jikinsa ya juya, ƙafar ta tsaya cak inda kusoshin suka kafe. 'Yan wasan da ke kusa sun ji ƙarar gwiwar, ɗas. Ya zube, usur ɗin da ke bakinsa ya yi wata 'yar ƙara, filin ya yi tsit.

A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka fitar da shi. Mataimakin ne ya ƙarasa wasan.

A asibiti likita ya ɗaga hoton gwiwar ya nuna masa. "Jijiya biyu sun tsinke. Za mu yi aiki, za ka yi tafiya da yardar Allah. Amma gudu da juyin da aikinka yake buƙata, ka cire rai."

Matarsa ta riƙe ƙarfen gadon, hawaye na zuba. Shi ko kuka ya kasa. Bayan wata ɗaya sunayen waɗanda aka ɗaga suka fito, babu nasa. Yanzu da sanda yake zuwa bakin fili, ya zauna a benci yana kallon wasu suna hura usur.

Jama'a, alƙalin wasa yakan yi gudun da ya kai na 'yan wasan da yake hukuntawa, kuma da ƙafarsa yake aikin. Ya kamata ya zaɓi takalmin da ya dace da filin da zai taka, ba wanda ya saba da shi ba, kuma in gwiwa ta fara ciwo, ko wanda ya sani ya yi gargaɗi, a saurara tun kafin a shiga fili.